Ga gini ga gadaje, ina likitan? Fashin baƙi kan ƙarancin ƙwararru a asibitocin Najeriya

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibitin koyarwa a Kano, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri ya san maganar nan: "Sai ranar kilinik." Likitan ƙoda ko na ƙwaƙwalwa ba kullum ake ganinsa ba. Rana ɗaya ce ko biyu a mako, kuma tun da asuba layi ya cika. Idan tiyata ce, a ba ka watanni. Mai hali ya nemi biza ya nufi Misira ko Indiya, mara hali ya koma gida ya rungumi jiƙo da addu'a. Jama'a kan sauke fushinsu a kan likitan da suka tarar, su ce girman kai ne ko wulaƙanci, alhali sau da yawa mutum ɗaya ne yake riƙe da aikin mutum biyar.

A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitocin da ke da lasisin aiki a Najeriya kusan 55,000 ne, kuma tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun fice daga ƙasar cikin shekara biyar. A ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, wannan kaɗai ya isa tashin hankali. To amma akwai wani lissafin da ministan ya kawo wanda ya fi shafar ɗan Arewa: daga cikin waɗannan likitoci, kimanin 7,600 suna Legas, kimanin 4,700 kuma suna Abuja. Wato wurare biyu sun ɗauke fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Sauran jihohi 35 su raba abin da ya rage, kuma rabon ba daidai ba ne. A cikin jiha ma babban birni ne ke kwashe mafi yawa.

Wannan adadi fa na likitoci ne gaba ɗaya, har da yaron da ya kammala makaranta bara. Idan aka zo kan ƙwararru, abin ya fi muni. Likitocin taɓin hankali, alal misali, ƙungiyarsu ta sha cewa ba su kai 300 ba a duk faɗin ƙasar, a daidai lokacin da shaye-shaye da firgicin ta'addanci suka cika garuruwanmu da masu buƙatarsu.

Me ya sa ba za a ɗauki wasu kawai a cike gurbin ba? Saboda ƙwararren likita ba ranar da aka buƙace shi ake samar da shi ba. Yaro zai yi shekara shida a jami'a, in yajin aikin malamai bai ƙara masa ba. Ya fito ya yi shekara ɗaya yana aiki ƙarƙashin kulawar manya kafin a ba shi cikakken lasisi. Ya yi shekara ɗaya ta yi wa ƙasa hidima. Sannan ya ci jarrabawar share fage, ya nemi gurbin neman ƙwarewa a asibitin da aka amince da shi, ya shafe shekara huɗu zuwa shida ko fiye yana aiki yana karatu, yana zana jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas ko ta Afirka ta Yamma, jarrabawar da mutane da dama sai sun maimaita. Kafin a kira shi babban likita ya kwashe shekara goma sha uku zuwa goma sha biyar tun daga ranar da ya shiga jami'a. Gwamnan da ya fara wannan tafiya da ɗalibi a ranar rantsar da shi, zai gama wa'adi biyu ya sauka ɗalibin bai kammala ba. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan siyasarmu suka fi son gini: ginin asibiti ana gama shi cikin shekara biyu, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto.

Kuma ƙwararre shi ke haifar da ƙwararre. Kwalejojin nan ba sa amince wa sashen asibiti ya horar da masu neman ƙwarewa sai yana da isassun manyan likitoci da kayan aiki, kuma yawan waɗanda za a ba shi ya horar ya danganta da yawan malamansa. Don haka idan manyan likitoci biyu suka bar sashe mai mutum huɗu, ba marasa lafiyarsu kaɗai suka bari ba. Sun tafi da guraben horarwa, wani lokaci ma sashen ya rasa izinin horarwar ɗungurungum, waɗanda ke tsakiyar karatu su watse neman wani wuri. Asarar babban likita ɗaya a yau tana nufin asarar waɗanda zai yaye nan da shekara goma.

Mafi yawan masu magana kan wannan matsala suna tsayawa ne a filin jirgi: likita ya tafi Ingila, ya tafi Saudiyya, ya tafi Kanada ko Amurka. Gaskiya ne, kuma ba sabon abu ba ne. Tun bayan da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar albashi ta zube, manyan likitocin asibitocin koyarwa suka riƙa kwarara Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, har aka kafa kwamitin shugaban ƙasa kan ficewar masana a 1988. A watan Agusta na 2021, ana tsaka da yajin aikin ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta NARD, ɗaruruwan likitoci suka yi dafifi a wani otal a Abuja domin ganawa da masu ɗaukar ma'aikata wa Saudiyya. A Birtaniya kuwa, likitocin da suka yi karatu a Najeriya da ke cikin rajistar hukumar likitocin ƙasar sun haura 10,000.

Sai dai ga jihohin Arewa, hijirar tana farawa tun kafin a kai filin jirgi, kuma hawa-hawa ce. Likitan da ke babban asibitin ƙaramar hukuma burinsa a dawo da shi babban birnin jiha. Wanda ke aikin jiha burinsa ya tsallaka asibitin tarayya, wato asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya, domin can ake biyan cikakken tsarin albashin likitoci na CONMESS, can ne kuma ake samun gurbin neman ƙwarewa. Jihohi da yawa ba sa biyan wannan tsari cikakke, ko kuma su tsaya kan tsohon ma'auni bayan tarayya ta yi gaba. Sai ka ga abokai biyu da suka fito aji ɗaya, suna aiki a gari ɗaya, titi ne kawai tsakanin asibitocinsu, amma abin da ke shiga asusun wannan a ƙarshen wata ya yi wa na wancan fintinkau. Wanda ke asibitin tarayya kuma yana hangen Abuja, ko ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje masu biya da tsoka, ko jarrabawar PLAB ta shiga Birtaniya. Duk lokacin da na sama ya tafi, na ƙasa ake jawowa a cike gurbinsa. Saboda haka idan likita ya tashi daga Legas zuwa Landan, ƙarshen giɓin yana iya faɗawa a kan wani asibitin karkara a Zamfara ko Yobe, inda babu wani na ƙasa da za a jawo.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Albashin likita bai ninka uku ba, amma darajar abin da takwaransa ke karɓa a waje, in aka juya shi naira, ta ninka. Akwai kuma alawus ɗin haɗari, wanda ya tsaya a kan naira 5,000 a wata shekara da shekaru. A kan wannan naira 5,000 ɗin ake lokacin da zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano a watan Janairun 2020, a kansa kuma aka shiga annobar korona. Sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi, kuma ko na babban likita bai wuce naira 40,000 ba.

Amma duk wanda ya zauna da likitoci zai ji cewa ba albashi kaɗai ke korar su ba. Mutum ya yi shekara goma sha biyar yana koyon aiki, ya zo ya tarar babu wuta a ɗakin tiyata, babu jini a ma'ajiya, na'ura ta lalace wata shida ba a gyara ba. Ya san abin da zai ceci mara lafiyar da ke gabansa, yana ji yana gani ya rasa shi. Ga kwanan asibiti ba hutu, saboda jadawalin da aka tsara wa mutum takwas yanzu mutum uku ke juya shi. Kowane wanda ya tafi yana ƙara wa na baya nauyi, nauyin kuma shi ke tura na gaba ya fara cike takardun tafiya. Ga kuma tsaro. A watan Disamba na 2023 aka sace wata likita daga gidajen ma'aikatan Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ta shafe kusan wata goma a hannun masu garkuwa, har NARD ta yi yajin aikin gargaɗi na mako guda a kanta a Agustan 2024. Idan a cikin Kaduna haka ta faru, da wane baki za a lallashi likita ya kai iyalinsa Birnin Gwari ko Shinkafi?

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika tattaunawa ba, wanda kuma a ganina shi ne ya fi ban takaici, domin gyaransa ba ya buƙatar dala. Ana kukan babu likitoci, amma ɗaukar likita aiki a asibitin gwamnati wahala ce mai zaman kanta. Shugaban asibitin tarayya da likitansa ya ajiye aiki yau, ba shi da ikon ya tallata gurbin gobe ya ɗauki wani. Shekara da shekaru tsarin shi ne sai ya nemi sahalewa daga ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, a tabbatar da kuɗin a ofishin kasafi, a bi ta Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa, sannan a shigar da sabon ma'aikaci tsarin biyan albashi na IPPIS. Kowace ƙofa tana cin watanni. Kafin takardar ta dawo, wasu sun sake tafiya, wanda ake son ɗauka ma ya gaji da jira ya kama gabansa. Shi ya sa a cikin buƙatun da NARD ke maimaitawa a yajin aikinta akwai abin da suke kira "ɗaya ya fita, ɗaya ya shigo": a bar asibiti ya maye gurbin wanda ya tafi nan take, tunda albashinsa yana cikin kasafi. Asibitoci da yawa kan rufe giɓin da likitocin wucin gadi, waɗanda ba su da fansho, ba su da ƙarin girma, ba su da tabbacin gobe. Mutumin da aka riƙe a haka, ranar da ya samu hanya ba zai waiwayo ba.

A jihohi kuma salon daban ne. Za a sanar a rediyo cewa gwamna ya amince a ɗauki likitoci ɗari. Abin da ba a sanarwa shi ne nawa suka nema, nawa suka karɓi takardar kama aiki, nawa kuma suka rage bayan shekara guda. Sau da yawa masu neman ba sa kai yawan guraben. Ga al'adar fifita ɗan asalin jiha, inda wanda ya zo daga wata jihar sai dai a ba shi kwantiragi. A aikin da ake samun masu nema dubu a kan gurbi goma, ana iya fahimtar wannan. A aikin likitan tiyatar yara, wanda duk yankin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, tambayar takardar shaidar ƙaramar hukuma cutar kai ce.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar cewa likita shi kaɗai ne ƙwararre. A duba ciwon ƙoda, wanda ya addabi yankin Gashuwa da kewayen kogin Haɗeja da Yobe. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, abin alfahari ne. Amma dashen ƙoda ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ana buƙatar likitan ƙoda, likitan tiyata, likitan da ke sa barci ya kuma tsare numfashin mara lafiya, ma'aikatan jinya da suka ƙware a ɗakin kulawa ta musamman, masanin ɗakin gwaji da zai tabbatar jinin mai bayarwa da na mai karɓa sun dace, da mai haɗa magunguna. Wankin ƙoda ma yana buƙatar ma'aikacin jinya mai horo na musamman da injiniyan da ya san na'urar da tsarin tace ruwanta. Mutum ɗaya ya ɓace a wannan jeri, sauran sun zama 'yan kallo. Haka na'urar gashin cutar daji: ko an sayo ta da biliyoyi, in babu masanin kimiyyar da ke auna ƙarfin hasken da injiniyan da zai duba ta, ɗaki kawai za ta cika. Waɗannan mutane ba a jin sunansu a jawabin buɗe asibiti, kuma su ma ƙasashen waje na zawarcinsu, musamman ma'aikatan jinya.

To me hukumomi suka yi? A 2019 Ministan Ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya ce a talabijin Najeriya na da rarar likitoci, duk mai son tafiya ya tafi. Shekara huɗu bayan haka, a Afrilun 2023, wani ƙudiri na ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson daga Legas ya tsallake karatu na biyu, yana neman a hana likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar. Likitoci suka yi masa ca, bai zama doka ba. A Fabrairun 2024 hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta fito da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin ta tantance masa takardunsa na fita waje, ma'aikatan jinya suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. Daga "ku tafi, muna da rara" zuwa "a kulle ƙofa" cikin shekara biyar, ba tare da an tsaya a tsakiya an tambayi me zai sa mutum ya zauna da son ransa ba.

Hujjar masu son kulle ƙofa ba ta banza ba ce, a yi musu adalci. Karatun likita a jami'ar gwamnati kusan kyauta ne idan aka kwatanta da abin da ake kashewa a Turai, kuma dukiyar talaka ce ta biya. Jihohi irin su Kano da Jigawa sun kashe maƙudan kuɗi wajen tura ɗalibai karatun likita a ƙasashen waje, ɗalibai da yawa daga Arewa kuma suna Sudan lokacin da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka kwaso su. Wanda jiha ta ɗauki nauyinsa bisa yarjejeniyar zai dawo ya yi mata aiki, ya dawo ya tsere, ya ci amana, babu wata kwana-kwana. Amma yarjejeniya tana riƙe ƙaramin likita ne na 'yan shekaru. Ba ta riƙe babban likita mai shekara arba'in da biyar, wanda ya gama biyan duk wani bashi, kuma shi ne wanda rashinsa ya fi ciwo. Ƙari a kan haka, jihar da ba ta da asibitin da aka amince ya horar da ƙwararru, da hannunta take miƙa yaran da ta ɗauki nauyinsu ga wasu, domin ranar da suka tashi neman ƙwarewa dole su bar ta.

Gwamnatin Tinubu ta ɗauki wasu matakai. A Agustan 2024 ta amince da manufar ƙasa kan hijirar ma'aikatan lafiya, ta kuma ce ta ɗaga yawan ɗaliban da makarantun likitanci da jinya da sauran fannonin lafiya za su iya ɗauka a shekara daga 28,000 zuwa 64,000. Ƙara ɗalibai abu ne mai kyau. Tambayar ita ce wa zai koyar da su, tunda malaman su ne manyan likitocin da ke tafiya, kuma ɗalibin likita a gefen gadon mara lafiya yake koyo, ba a babban ɗakin lacca ba. Idan aka ninka masu shigowa ba a taɓa dalilan fita ba, an zama mai ɗiban ruwa da kwando: a ƙara sauri, a ƙara gumi, randa ba ta cika ba. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Kasafin tarayya ya daɗe yana yawo a wajejen kashi 5. Wasu jihohi kamar Kano da Kaduna da Bauchi sun rubuta kashi 15 ko fiye a takarda, amma abin dubawa shi ne nawa aka saki, kuma nawa ya tafi ga mutane maimakon bulo da siminti.

Su ma ƙasashen da ke karɓa ba su fita daga zargi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin ƙasashen da ta ce kada a je ana farautar ma'aikatan lafiyarsu. Jerin 2023 na da ƙasashe 55, ciki har da Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan. Birtaniya ta sa su a jerinta na ja, wato na ƙasashen da ba ta yarda a je neman ma'aikatan lafiya a cikinsu ba. Sai dai ƙa'idar ta hana kamfani zuwa neman ma'aikata ne kawai, ba ta hana ma'aikaci ya nema da kansa ba. A zamanin da ake cike takardar neman aiki ta waya, wannan shinge ba ya tare kowa.

Akwai wani gwaji da aka yi a Arewa wanda ya cancanci a tuna. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri da tallafin Birtaniya a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno, domin samar da mata ma'aikatan lafiya. Maimakon a jira 'yan birni su nema, sai aka shiga ƙauyuka aka zaɓo 'yan mata da matan aure da amincewar iyaye da mazaje da masu unguwanni, aka ba su shekara guda ta share fage don su cike giɓin darussan kimiyya, sannan suka shiga makarantun jinya da ungozoma da sharaɗin komawa garuruwansu. Hikimar a fili take: wadda mijinta da 'ya'yanta da gonarsu ke ƙauyen ta fi saurin zama a kan wadda aka turo daga nesa tana ƙirga kwanakin komawa. A yankin da magidanta da yawa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwar matansu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan dabara ba za ta samar da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ba, amma tushenta yana aiki har a sama. Jihar da ke son ƙwararru sai ta mayar da babban asibitinta wurin da kwalejoji za su amince a yi horo, ta daidaita albashinta da na tarayya, ta ba wanda ya yarda ya zauna a karkara gida da ƙarin kuɗi na gaske, ta daina tambayar asalin wanda ya zo da ƙwarewar da ba ta da ita. Waɗanda suka riga suka tafi kuma, da yawansu a shirye suke su zo na mako biyu ko wata guda su yi tiyata su koyar, in an sauƙaƙa musu sabunta lasisi aka kuma tanadi ɗakin aiki mai wuta da ruwa. Ƙungiyoyin likitocin Najeriya mazauna Amurka da Birtaniya sun daɗe suna irin wannan zuwa, sai dai yawanci da ƙoƙarin kansu ne, ba bisa wani jadawali da ma'aikatar lafiya ta jiha ta tsara ta kuma sa masa kuɗi a kasafi ba.